Darasi na 9: Kalsiyam da Bugun Zuciya

Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, ku ƙirga bugun da kuke ji na minti ɗaya. Baligi mai lafiya da ke zaune yakan samu tsakanin 60 da 100.

Wanda ya taɓa zama a maƙera a cikin garin Bauchi ya san zugazugi: a matse shi iska ta fita, a sake shi ya cika. Haka zuciya take yi da jini, kuma sinadarin kalsiyam ne ke riƙe da wannan aiki.

A saman zuciya ta ɓangaren dama akwai wani ɗan gurbi da ke aika saƙo irin na lantarki. Da saƙon ya iso, sai wasu ƙananan ƙofofi a jikin ƙwayoyin tsokar su buɗe, kalsiyam kaɗan ya shiga daga waje. Wannan kaɗan ɗin shi ke buɗe rumbun da ke cikin ƙwayar, mai yawa ya kwararo. Sai ya kama wani furotin mai suna turoponin, zaruruwan tsoka su ja juna, zuciya ta matse.

Sakin fa? Nan ne mutane ke zaton hutu ne kawai. A'a, shi ma aiki ne mai cin ƙarfi. Sai an kwashe kalsiyam ɗin, a mayar da mafi yawansa rumbu, a fitar da ragowar waje, kafin tsokar ta saki jini ya shigo. In kwashewar ta yi nawa, zuciya ba ta cika sosai, kamar zugazugin da fatarsa ta bushe.

Kuskure ne ma ya tona wannan asiri. A Landan, akwai wani likita mai suna Sydney Ringer, mataimakinsa ya haɗa ruwan gwaji da ruwan famfo maimakon tataccen ruwa, sai zuciyar kwaɗo ta yi ta bugawa a ciki. Ashe ruwan famfon na ɗauke da kalsiyam. Ringer ya wallafa wannan a 1883.

Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙori, daga ƙashin ne jiki ke ɗiba in na jini ya ragu. Saboda haka ba a sayen ƙwayarsa a kemis don "ƙara wa zuciya ƙarfi", sai da izinin likita. Nono, kindirmo, zogale, kuka da riɗi duk suna da shi, ga su nan a kasuwar Wunti.

Aikin gida: ku ƙirga bugun hannunku da asuba, ku sake ƙirgawa bayan kun ɗebo ruwa. Ku rubuta lambobin biyu, ku zo da su aji.