Yadda Ake Shirya Wasan Yaƙi na Kan Tebur Kafin a Shiga da Shi Jamus

Wanda ya ƙirƙiri wasan yaƙi na kan tebur, irin mai taswira da kati da 'ya'yan kwali masu wakiltar bataliyoyi, kuma yake son sayar da shi a Jamus ko baje shi a kasuwar SPIEL da ke ci a birnin Essen kowane Oktoba, shinge biyu ne a gabansa. Na farko doka, kuma ita ce mai sauƙi, domin a rubuce take. Na biyu ra'ayin mutanen ƙasar, wanda babu lauyan da zai warware maka shi.

Abin mamaki, a can aka haifi sana'ar. A 1824 wani hafsan sojan Furushiya (wata tsohuwar masarautar Jamus), von Reisswitz, ya fitar da ƙa'idojin Kriegsspiel, wato wasan yaƙi, da taswira da dakaru ja da shuɗi da alƙali mai yanke hukunci, sojoji suka ɗauke shi abin horo. Bayan ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, Jamusawa suka juya wa irin wannan baya. Wasanninsu suka koma kan ciniki da gini da noma, kamar Catan na 1995, inda ba a kore kowa daga tebur. Ko masu sha'awar abin a can sun fi kiransa Konfliktsimulation, kwaikwayon rikici, su taƙaita su ce KoSim. Kai ma da wannan sunan za ka tallata naka.

Fara da alamomi, tun kafin a kai zane maɗaba'a. Sashe na 86a na kundin laifuffukan Jamus ya haramta yaɗa alamomin ƙungiyoyin da suka saɓa wa tsarin mulki ko nuna su a bainar jama'a, kuma hukuncin tara ne ko ɗaurin da zai iya kai shekara 3. Suwastika, wato gicciyen Nazi mai lanƙwasassun ƙafafu, na ciki, da haruffan SS (rundunar musamman ta jam'iyyar Nazi) masu kama da walƙiya biyu, da ƙoƙon kan rundunar SS, da gaisuwar 'yan Nazi da kirarinsu. Kotuna sun sa hoton kan Hitila ma a wannan layi. Buga kowane fayil a takarda, ka bi shi da jan biro: murfin kwali da bayansa da gefunansa, kati ɗaya bayan ɗaya, fuska da bayan kowane ɗan kwali, littafin ƙa'idoji, har shafin talla na intanet. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tsofaffin hotuna. Suwastika kan maƙale a wutsiyar jirgin sama, ko a ƙarƙashin faratan gaggafar da ke hular hafsa da ƙirjin rigarsa, ko a wata tuta can bayan hoto. A allon kwamfuta ba ta kai ƙwayar gero ba, sai an buga ido ya kama ta. Ƙara girman kowane hoto ninki huɗu kafin ka ce ya wuce.

Abin da za ka sa a madadi yana nan birjik. Gicciyen nan baƙi mai farin gefe da ke jikin tankoki da fukafukan jirage, Balkenkreuz, ba a hana shi ba, haka ma Gicciyen Ƙarfe muddin babu suwastika a tsakiyarsa. Launin toka da lambar runduna kaɗai sun wadatar a kan ɗan kwali. Kada ka yi dabarar karkata alamar ko gutsure mata ƙafa ɗaya, domin dokar ta haɗa da duk abin da ya yi kama da ita har a iya ruɗewa. Akwai kuma tsohuwar al'adar kamfanonin Amurka ta buga rundunonin SS baƙi wuluk da farin rubutu. Doka ba ta hana launi ba, amma Bajamushe na ganin haka zai ce ka yi musu ado, ka fifita su kan sauran. Ba su launin kowa.

Za a ce maka ai dokar ta yi togaciya ga ilimi da bincike da fasaha da bayar da tarihi. Gaskiya ne, da ita finafinai ke nuna tutocin. A watan Agusta 2018 hukumar USK, mai tantance wasannin kwamfuta a Jamus, ta fara duba su ɗaya-ɗaya a kan wannan togaciya. Sai dai hurumin USK bai kai wasan tebur ba, babu ofishin da zai buga maka hatimin amincewa tun da wuri. Sai kaya sun iso, wani ya kai ƙara, sannan ka san matsayinka. Mai kanti kuwa ba zai sa wuyansa saboda kwali goma ba. In har alamar dole ce ga darasin wasan, nemi lauyan Jamus ya ba ka ra'ayinsa a rubuce kafin bugu.

Sai lafazi. A farkon shekarun 1980 hukumar kare matasa daga kafofi masu cutarwa ta taso wa Risiko, bugun Jamus na wasan tebur na Risk. Kamfanin ya sauya kalmomi: cin ƙasa da yaƙi ya koma 'yantar da ita, hallaka runduna ya koma wargaza ta. Wasan bai canza ko kaɗan ba, amma darasin na nan. Sashe na 131 ya hana ɗaukaka zalunci, na 130 ya hana tunzura ƙiyayya da musanta kisan kiyashin Yahudawa. Don haka kada ka ba da maki kan kashe farar hula, kada kati ya yabi jarumtar SS. Sa shafi ɗaya ko biyu na tarihi a littafin, ka faɗi laifuffukan da aka tafka a fagen da taswirarka ta nuna. Ba Bajamushe ɗan wasa aikin fassara, na'ura ba ta san kalmar da ke wari ba.

In har ba ka riga ka zaɓi zamani ba, ka sani yaƙin da ya daɗe da wucewa ya fi karɓuwa. Friedrich na Richard Sivél, wanda ya fito a 2004 kan Yaƙin Shekara Bakwai na 1756 zuwa 1763, a Jamus aka yi shi, kuma ya samu karɓuwa. A murfi, taswira ko janar a bakin tebur sun fi sojan da ke ihu da bindiga.

Rubuta 14+ a kwali. Abin da aka yi don 'yan ƙasa da shekara 14 kayan wasan yara ne a dokar Tarayyar Turai, sai an yi masa gwaji an sa alamar CE mai nuna ya cika ƙa'idojin Tarayyar. Yi rajista a LUCID, rajistar kayan naɗi ta Jamus, saboda dokar kwalaye da ledar naɗi, kuma tun 13 ga Disamba 2024 dole kayan su ɗauki suna da adireshin wani wakili da ke cikin Tarayyar.

Wanda kuma tsohon wasa ne a hannunsa mai ɗauke da alamar Nazi, ajiye shi a gida ba laifi ba ne. Laifin na farawa ne in ya sa hotonsa a shafin sayarwa, ko ya shimfiɗa shi a zauren taro, ko ya shigo da da yawa don sayarwa, kuma kwastam na iya riƙe kunshin. Rufe alamar da sitika marar shara-shara kafin ɗaukar hoto. Shafe ta da baƙar tawadar alƙalami bai isa ba: a kan kwali mai sheƙi, zanen kan fito ta ƙarƙashin tawadar da zarar hasken kyamara ya dake shi.