Kai Yara Gidan Zoo na Kano Daga Daura a Dawo a Yini Ɗaya

A Daura yaro yana tashi da sunan zaki da kura da giwa a bakinsa tun daga tatsuniyar kaka, amma in ka cire kurar da gardawa ke yawo da ita da takunkumi lokacin salla, yawancinsu ba su taɓa ɗora ido a kan ko ɗaya ba. Inda nake kai namu su gani shi ne Gidan Zoo na Kano, wanda aka gina a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma sunansa aka sa wa gidan. Ni malamin firamare ne, don haka a gidanmu ni ake ɗora wa wannan aikin: nawa yaran, da na yayana, da na ƙanwata, duk a wuyana.

Rabin tafiyar nan zaɓen rana ne. Kowa so yake ya je da salla, ni kuwa ban ba ka shawara ba. Da salla mutane za ka kalla, ba dabbobi ba. Layin tikiti kaɗai ya isa ya gajiyar da yaro, a gaban kejin zaki kuwa ƙeyar mutane zai yi ta gani sai in ka saɓa shi a kafaɗa. In kana son ka san yawan jama'ar da ke shiga, ka tuna kuɗin nan sama da naira miliyan 6 da aka ce goggon biri ya haɗiye a 2019, cinikin kwanakin salla ne. Gwamnan lokacin ma cewa ya yi babu goggon biri a gidan. Ka zaɓi ranar aiki cikin hutun makaranta, ban da Juma'a, ko kuma Asabar in babu yadda za ka yi.

Sannan yanayi. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi, lokacin hunturu. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano yana haura digiri 40, kuma dabba ta fi mu wayo: inuwa take nema ta kwanta, ka zo ka tsaya kana kallon jela. Ko a hunturun ma, safiya ce lokacin kallo. Da rana ta take, kowace dabba ta shige ɗakinta.

Shi ya sa nake tayar da mota da an sallame asuba. Kayan duk a daren ake haɗa su, a yi wa yara wanka, a shafe su da mai, a ajiye rigunan sanyi a kusa. Hanyar ita ce ta Kazaure da Dambatta, awa biyu da 'yan kai in babu tsaye-tsaye, sai dai shiga cikin Kano zuwa Titin Zoo zai ƙara maka wani abu saboda cunkoso. In kun kai mutum bakwai ko takwas, shatar mota ta fi sauƙi da kwanciyar hankali, ku yi ciniki har da jira da dawowa tun a Daura, kada a bar maganar sai an je. In motar tasha kuka hau, da an sauke ku ku tari Adaidaita, ka ce Gidan Zoo kawai, babu direban da bai san wurin ba. Yaron da ka san mota na juya masa ciki, a ba shi gefen taga da leda a hannu, kuma kada a cika masa ciki da shayi mai madara kafin a tashi.

Guzuri ba ya buƙatar dogon bayani: ruwa mai yawa a kula, dafa-duka ko taliya, dambun nama, tabarma, buta, da kuɗi a hannu ƙananan canji, don taransifa tana iya maƙalewa kana tsaye a bakin ƙofa da yara takwas. Abin da ba na wasa da shi shi ne takarda. Kowane yaro ina rubuta lambar wayata in sa masa a aljihu, ƙananan kuma in maƙala musu da fil a cikin riga. Ina haɗa babba da ƙarami, in ce wa babban: «Wannan amanarka ce, ko ban-ɗaki za shi tare za ku.» Da mun shiga nakan nuna musu wata bishiya kusa da ƙofa, duk wanda ya ɓace ya dawo nan ya tsaya. Kuma ina ƙirga kai duk lokacin da za mu bar keji zuwa wani.

To, kun shiga. Yara za su so su ruga su gama komai cikin minti ashirin. Kada ka bari. Ku fara da zaki tun da sauran sanyi, domin zaki yana iya kwashe awa 18 zuwa 20 a rana yana kwance, kuma da safe ne ko da yamma ake sa ran ya miƙe ya zaga. Ka gaida mai kula da shi, ka ce: «Malam, sannu da aiki, ƙarfe nawa ake ba shi abinci?» Wannan tambayar ta fi duk wani allo da za ka karanta amfani, kuma masu kula da dabbobin nan in ka girmama su za su ba yara labarin da ba ya cikin littafi. In Allah ya sa ya yi ruri kuna wurin, riƙe ƙaramin cikinku da kyau, don a dawa ana jin rurin nan daga nisan kilomita 8.

Kura ma 'yar dare ce, da rana sai ka same ta a lafe a lungu. Ka sa yara su lura da ƙafafunta na gaba da suka fi na baya tsawo, su ga dalilin tafiyar nan tata kamar mai ɗingishi. Nakan gaya musu cewa a cikin kuraye masu dabbare-dabbare mace ce ta fi namiji girma kuma ita ke shugabanci. 'Yan matan cikinmu suna jin daɗin wannan.

Inda na fi daɗewa shi ne wurin kada, kuma nan ne mutane suka fi yin abin haushi. Za ka gan shi a bakin ruwa, baki a wangame, ko ƙiftawa ba ya yi, sai wani ya ce ai gunki ne, ya ɗauki dutse. Ba gunki ba ne. Jikinsa ba ya haɗa ɗumin kansa irin namu, rana yake sha, bakin da ya buɗe kuma zafi yake ragewa. Ku tsaya shiru minti biyar kawai, ku zuba wa idonsa ido. Za ku ga wata siririyar fata ta share idon daga gefe ta koma, ko maƙogwaronsa ya motsa, ko ya sulale cikin ruwa ba tare da ko ƙara ba. Ɗiyar ƙanwata ce ta fara hango fatar idon nan, ta finciki rigata tana raɗa: «Kawu, Kawu, ya rufe labule!» Yaron da ya ɗauki dutse a tawagata, a mota yake ƙarasa yininsa, kuma tun a gida nake sanar da haka.

A wurin jimina ku ƙirga yatsun ƙafarta, biyu ne kacal, amma tana gudun kilomita 70 a awa, ƙwanta guda kuma ya kai na kaza wajen 24. A ja baya da shinge, tana saran abu mai ƙyalli, ɗan kunne ko gilashin ido. A wurin mesa kuwa ka shirya amsa, don ɗan Daura sai ya tambaye ka ko ita ce macijiyar rijiyar Kusugu. Ka gaya masa mesa ba ta da dafi, naɗe dabba take yi ta matse.

Birai su ne ke ba yara dariya, su ne kuma suka fi hatsari ga yatsa da waya. Kada a miƙa hannu cikin keji, kada a ba su alewa, cingam ko biskit a leda. Ledar tana toshe musu ciki, kuma mura da tarin mutum suna kama biri. Mai ɗaukar hoto in ya zo, ku yi ciniki kafin ya danna.

Wajen sha biyu da rabi dabbobi sun kwanta, yara ma sun fara ƙorafi. Ku nemi inuwa ku shimfiɗa tabarma, a ci abinci, a yi azahar, a tattara ledoji a zuba a kwandon shara. In akwai sauran ƙarfi, ka bar kowane yaro ya zaɓi keji ɗaya da yake son a koma, sau da yawa kunkuru suke zaɓa, ban san me suke gani a jikinsa ba. Ƙarfe uku ku kasance a mota. A tsaya a sayi gurasa ta mutanen gida a hanyar fita, a yi la'asar a Dambatta ko Kazaure, don ku shiga Daura kafin magariba, hanyar nan ba ta tuƙin dare da yara ba ce.