Yadda Ake Gane Mindar Tsofaffin Sojojin Afirka ta Yamma da Bin Sawun Mai Ita

A gidaje da dama na Kano, Zariya, Katsina, Bauchi da Maiduguri, har ma da zangon Kumasi, akwai tsohuwar adaka ko gwangwanin da aka ajiye lambobin yabon wani kaka da ya je yaƙin Bama ko yaƙin Jamus. 'Yan mazan jiya suna kiran irin wannan lamba minda. Wanda yake son tara su, ko wanda ya gaji guda ɗaya yana son sanin asalinta, ya kamata ya fahimci cewa darajar minda tana rataye ne da mutumin da aka ba ita, don haka binciken yana farawa daga jikin ƙarfen, ya ƙare a kan takardun da suka ambaci sunan sojan.

Kafin komai, kada a goge ta. Mutane da yawa suna ɗauko toka ko man goge ƙarfe su dirje minda har ta yi ƙyalli, alhali wannan dirzar tana cinye ƙananan rubutun da ake buƙata, tana kuma rage mata kuɗi a idon masu sani. A bar mata duhun tsufanta, a riƙe ta ta gefe, a ɗauki hotonta gaba da baya da kewayen baki cikin hasken rana. Ƙyallen da take rataye a kansa, ko ya koɗe ko ya yage, kada a jefar da shi, domin launinsa shaida ne.

Daga nan sai a dubi kan sarkin da ke fuskarta, wanda shi ne yake nuna zamani. Sarauniya Biktoriya ta rasu a 1901, Edward na Bakwai ya yi mulki daga 1901 zuwa 1910, Joji na Biyar daga 1910 zuwa 1936, Joji na Shida kuwa shi ne na lokacin yaƙin duniya na biyu. Idan aka ga kan Edward na Bakwai a kan azurfa mai faɗin milimita 36, bayanta kuma da hoton mace tsaye kusa da zaki da kalmar AFRICA, ƙyallenta rawaya mai baƙin gefe da siraran layuka kore guda biyu, to wannan ita ce lambar hidimar Afirka da Ingila ta ƙirƙiro a 1902. Ba a taɓa bayar da ita ba sai tare da ɗan ƙarfen da ake gicciyawa a saman ƙyallen, wanda aka rubuta sunan yaƙin da shekararsa a kai. Saboda haka duk wadda aka samu babu wannan ƙarfen gicciye, an cire mata shi ne ko ya ɓace.

A kan wannan ɗan ƙarfe ya kamata Bahaushe ya tsaya da kyau, domin tarihin ƙasarsa ne aka rubuta a taƙaice. Wanda aka rubuta N. NIGERIA 1903 na waɗanda suka shiga yaƙin Kano da Sakkwato ne: an ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, aka shiga Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka kammala a Burmi ranar 27 ga Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada. Mai ɗauke da N. NIGERIA 1906 kuwa na faɗan Satiru ne da na Haɗejiya. Akwai kuma na 1902 da na 1904, da na Aro na 1901 zuwa 1902 a kudu. Hafsoshin da suka ja waɗannan yaƙe-yaƙe Turawa ne, amma mafi yawan masu riƙe da bindiga 'yan ƙasa ne, kuma Hausawa suna da yawa a cikinsu. A ganina wanda ya riƙe irin wannan minda bai kamata ya ɗauke ta abin ado kawai ba, domin tana ba da shaida a kan ranakun da har yau ake jin zafinsu a gidajen sarauta da na malamai.

Waɗanda suka girmi wannan sun fi wuyar samu. Kamfanin Royal Niger ya bayar da tasa lambar ga dakarunsa bayan yaƙin Bida da Ilori na 1897, ta azurfa ga Turawa, ta tagulla ga 'yan Afirka, kuma a kan ta tagullar yawanci lambar soja, wato lambar rajistarsa, ake bugawa ba suna ba. Daga baya an sake buga samfurorinta domin masu tarawa, don haka wadda bakinta yake fili babu komai tana bukatar a yi mata kallon tsanaki. Haka nan akwai lambar jarumta ta musamman da ake bai wa baƙaƙen sojojin rundunar iyakar Afirka ta Yamma, wadda aka rubuta sunan rundunar a bayanta, kuma aka daina bayar da ita a 1942. Samun irinta da suna ingantacce babban abu ne.

Bayan an gane irin mindar, sai a juya ta a karanta bakinta da gilashin ƙara girma. A nan ake samun lambar soja, da muƙami, da suna, da runduna. PTE shi ne farabiti, CPL kofur, SJT saje. W.A.F.F. ita ce rundunar iyakar Afirka ta Yamma da Lugard ya kafa a 1897, wadda aka ƙara wa harafin R a gaba tun daga 1928. N.N. REGT na nufin rundunar Nijeriya ta Arewa kafin haɗewar 1914, bayan haɗewa kuma sai aka koma rubuta sunan rundunar Nijeriya gaba ɗaya, G.C. kuwa ta ƙasar Gana ce ta wancan zamani. Lambobi uku na yaƙin duniya na farko, wato tauraron 1914 zuwa 1915, da ta azurfa mai hoton mahayin doki, da ta nasara mai ƙyallen bakan gizo, duk suna ɗauke da suna. Tauraron a bayansa, sauran biyun a baki.

Sunan kansa yana da ruɗani. Akawun soja yana rubuta abin da kunnensa ya ji, sai Audu ya zama Awudu, Garba ya zama Garuba, Umaru ya zama Imoru, Katsina ta zama Katsena. Yawanci kuma sunan gari ko na ƙabila ake liƙa wa mutum a madadin sunan uba, ta yadda bataliya ɗaya za ta iya samun mutum biyar masu suna iri ɗaya. Wasu ma da gangan suka sauya suna ranar ɗaukar soja, musamman waɗanda suka gudo daga bauta ko daga gida. Don haka lambar soja ce abin riƙewa, kuma ita za a bi a kowace takarda.

Matsala mafi girma tana ga lambobin yaƙin duniya na biyu, waɗanda su suka fi yawa a hannun mutanenmu. Tauraron 1939 zuwa 1945, da tauraron Afirka na waɗanda suka yi yaƙin Habasha da Somaliya, da tauraron Bama mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, Ingila ta bayar da su babu suna. Tauraron Bama shi kaɗai ba ya iya gaya maka ko mai shi yana cikin runduna ta 81 da ta bi kwarin Kaladan, ko ta 82 da suka haɗu da ita aka ci Myohaung a Janairun 1945, ko birged ta uku da ta shiga daji tare da dakarun Chindit, masu kutsawa bayan layin Japanawa, a 1944. Abin da zai faɗi wannan shi ne takardar sallama, da littafin albashi, da hoto cikin kaki, da abin da tsofaffin gida suka riƙe na labarinsa. Idan za a sayi irin waɗannan taurari, a nemi takardunsu tare da su, kuma kada a raba jerin lambobin mutum ɗaya don a sayar da su ɗai-ɗai, domin da zarar an raba su ba a iya mayar da labarin.

Game da jabu, hanyoyin yaudara uku ne suka fi yawa. Ta farko ita ce kwaikwayo ta hanyar narka ƙarfe a zuba a mazubi, kuma ana gane ta da ƙananan ramuka a fuska, da rubutu mai kauri marar kaifi, da layin haɗi a baki. Ta gaskiya bugawa aka yi da inji, gashin kan sarki da ƙananan haruffan sunan mai zanen suna fitowa tsaf. Ta biyu ita ce a kankare sunan asali a sassaƙa wani, sau da yawa na wanda aka san ya yi jarumta. A auna faɗin mindar ta fuskoki daban-daban da ma'aunin da makanikai suke auna kaurin ƙarfe. Idan wani ɓangare ya gaza milimita 36, ko bakin ya sirance a inda sunan yake, an taɓa shi. Ta uku ita ce a ɗauko ƙarfen gicciye mai tsada a ɗaura wa minda mai arha, kuma ƙusoshin da suka riƙe shi sukan tona asiri idan sun fi sauran sabunta ko aka ga alamar dalma. Maganaɗisu yana da amfani kaɗan: idan ya kama, ba azurfa ba ce, amma rashin kamawa ba ya tabbatar da komai.

Hukunci na ƙarshe yana cikin rajistar da aka rubuta lokacin bayar da lambobin. Ma'adanar takardun tarihi ta Ingila da ke Kew a Landan tana riƙe da su: jerin WO 100 na yaƙe-yaƙen mulkin mallaka ne, WO 329 da WO 372 na yaƙin duniya na farko, WO 373 kuwa yana ɗauke da bayanin abin da soja ya aikata har aka nemi a ba shi lambar jarumta daga 1935 zuwa gaba. Ana iya samun da yawa daga cikinsu ta intanet. Idan rajista ta nuna cewa mai wannan lambar soja ya cancanci ƙarfen 1903 kaɗai, amma mindar da ke hannunka tana da uku, to biyu ƙari ne aka yi. Littattafan da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum a fagen yaƙi suna cikin WO 95 da WO 172. Ba safai suke ambaton farabiti da suna ba, amma suna nuna inda ƙungiyarsa take a kowace rana. Lambar jarumta kuma ana neman sanarwarta a jaridar gwamnati ta London Gazette, kamar yadda aka sanar da na Alhaji Grunshi, sojan rundunar Gana wanda ya yi harbin farko na yaƙin duniya na farko a ɓangaren Ingila a ƙasar Togo cikin Agustan 1914. Idan sojan bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila tana da rajistar da ake bincikawa kyauta.

A gida, ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa suna da rahotannin larduna da suka shafi ɗaukar soja da sallama, ofisoshin ƙungiyar 'yan mazan jiya kuma sukan san iyalan da ake nema. Domin sanin farashi da kamannin rubutu na gaskiya, gidajen gwanjo irin su Noonans da Spink na Landan suna ajiye hotuna da bayanan abin da suka sayar a baya, kuma kwatanta haruffa da nasu yana koyar da ido fiye da kowane bayani.

Wanda kakansa ya yi wa Faransa soja daga Damagaram, Maraɗi ko Tawa zai tarar da wani tsari dabam, domin lambar mulkin mallaka ta Faransa, wadda aka ƙirƙiro a 1893, ba a buga mata suna. Ƙaramin littafin soja da takardar shaidar lambar su ne madogara. Duk abin da aka gano, a rubuta shi a kati tare da ranar da aka samu mindar da hannun wanda ta fito, a ajiye su wuri guda marar damshi, kuma kafin a fitar da tsohuwar minda daga Nijeriya a tuntuɓi hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa game da izinin fitarwa.