Mai son ganin Tsohuwar Delhi a kan keke, ya yi sammako

'Yan'uwa masu zuwa Delhi, musamman masu rakiyar marar lafiya da ke samun safiya guda babu asibiti, ga shawara. Akwai masu shirya yawon keke da jagora a tsohon gari, galibi daga wajen ƙarfe 6:30, na kimanin awa uku. Kada ku zaɓi wanda zai fara bayan hantsi. Da rana Chandni Chowk, babbar kasuwar tsohon garin, ba ta da masaka tsinke, mai tafiya a ƙasa ma da ƙyar yake kutsawa, balle mai keke.

Abin da ya fi rikita mutanenmu shi ne hannun tuƙi. A Indiya ta hagu ake bi, don haka ku tsaya bayan jagora, kada sabo ya ja ku dama a mahaɗa. Ku gwada birki da ƙararrawa kafin a tashi, lungunan matsattsu ne, ga shanu ga masu turin kaya.

Ku tambaya ko hanyar ta bi ta Jama Masjid, masallacin da Shah Jahan, sarkin daular Mughal, ya kammala a 1656. A ganina yawon da babu shi asarar kuɗi ne. Kasuwar kayan yaji ta Khari Baoli kuma, ku riƙe takunkumi, barkono zai sa ku tari.

Nuwamba zuwa Janairu hayaƙi na turnuƙe garin, mai asma ya haƙura. Fabrairu da Maris sun fi.