Kafin ka dangwala wa ɗan takara ƙuri'a, ka tambaye shi batun zubar da ciki

'Yan'uwa a cikin Almasihu da ke Legas, kar ka tsaya kan fosta ko buhun shinkafar da aka kawo coci ran Lahadi. Fara da sanin doka tukuna, a Najeriya zubar da ciki laifi ne sai dai in za a ceci ran uwa. Sannan ka duba me mutum ya yi a baya, misali a 2022 gwamnatin Legas ta Gwamna Sanwo-Olu ta fitar da ƙa'idoji kan batun, aka yi ta surutu har ta dakatar da su, to wa ya ce me a lokacin? In ya zo Agege kamfe ka tambaye shi kai tsaye, kuma ka tambaye shi batun asibitin haihuwa, don mata na mutuwa wajen naƙuda, wannan ma rai ne.