Yadda Wakili Zai Taya wa Wani Kaya a Gwanjon Intanet Ba Tare da Cin Haƙƙi Ba

Duk wanda ya daɗe cikin masu tara kan sarki, ko tsofaffin sulalla, ko agoguna, ko littattafan da aka daina bugawa, wata rana sai wani abokin sha'awa ya roƙe shi ya taya masa wani abu a gwanjon intanet. Wani ba shi da asusu a shafin, wani mai kayan ba ya aikawa ƙasarsu, wani kuma lokacin rufe gwanjon yakan faɗo masa a tsakar dare. A gwanjon Yahoo na Japan, inda yawancin masu sayarwa ba sa aika kaya ƙetare, har kamfanoni irin su Buyee da ZenMarket suka mai da wannan wakilci sana'a. Na kamfani yana da sharuɗɗa a rubuce. Na tsakanin abokai shi ya fi wuya, domin ana jin nauyin yin maganar kuɗi, kuma wakilin da kansa mai son irin kayan ne.

Kafin ka taɓa komai, ka sa abokinka ya rubuto maka iyakar abin da zai iya biya, sannan ku fayyace ko wannan adadi na tayi ne kawai, ko kuwa na dukan abin da zai fita daga aljihunsa. Tun 1975 gidajen gwanjo na Christie's da Sotheby's suka fara ɗora wa mai saye la'ada a kan farashin da aka sallama, a lokacin kashi 10 cikin ɗari, yau kuwa gidaje da yawa suna karɓar sama da kashi 20. Idan abokinka ya ce ƙarfinsa dala 1,000 ne, la'adar gidan kuma kashi 25, to tayinka ba zai wuce dala 800 ba, kuma ba a ma shigar da kuɗin aikawa da na kwastam da ladan canjin kuɗi ba. Rigingimu da yawa daga nan suke tasowa, kowa kuma yana ganin shi ne mai gaskiya.

Wajibi ne kuma ku biyun ku san yadda na'urar take ƙara tayi. A shafin gwanjo na eBay, wanda aka kafa a 1995, mutum yana shigar da iyakarsa a ɓoye, na'ura kuma tana ƙarawa kaɗan-kaɗan a madadinsa gwargwadon abin da zai riƙe shi a gaba. Idan ka shigar da dala 200, abokin hamayya ya tsaya a 120, abin da za ka biya shi ne dala 122 da santi 50, domin tazarar ƙari a wannan mataki dala biyu da rabi ce. Tsarin ya yi kusa da wanda masanin tattalin arziki William Vickrey ya bayyana a 1961, inda mai nasara yake biyan farashin wanda ya zo na biyu. Saboda haka rarar da ke tsakanin iyakar abokinka da farashin ƙarshe tasa ce. Ka tura masa hoton shafin bayan an rufe, tare da rasit, ko da bai tambaya ba. Idan za ka karɓi ladan wahala, ku yanke shi tun farko, kuma a ganina tsayayyen adadi ya fi kaso, domin kaso yana sa wakili ya amfana da tashin farashi, alhali an aike shi ne ya samo kayan da rahusa. Ita kuma iyakar abokinka sirri ce da ba a faɗa wa kowa, balle mai kayan.

Inda wakilci yake cakuɗewa shi ne idan son kayan ya haɗu. Idan kai ma kana son abin, ka faɗa tun kafin abokinka ya ambaci adadinsa, ka ce masa ya nemi wani. Da zarar ka ji iyakarsa, ba ka da sauran damar shiga wannan gwanjo don kanka, domin ka riga ka san daidai inda zai tsaya, kuma ƙara dala ɗaya a kai ya isa ka raba shi da kayan. Ba kuma za ka saya da sunansa ba, sannan da kayan suka iso ka ga sun fi hoton kyau, ka ce an kayar da ku.

Idan mutum biyu suka aiko ka a kan abu ɗaya, lamarin ya fi haka zurfi. Gidajen gwanjo suna karɓar tayin waɗanda ba su halarta ba, su sa su yi gogayya da juna: mai adadi mafi girma ya samu da ƙarin mataki ɗaya a kan na ƙasa da shi, idan kuma adadin ya zo daidai, wanda ya riga aikowa ne yake samu. Wakili mai asusu ɗaya ba zai iya yin haka ba, domin asusu ba ya gogayya da kansa. Idan ya karɓi adadin duka biyun ya shigar da babban kawai, ya cire mai tayi guda daga kasuwa, farashi ya sauka ƙasa da inda ya kamata ya kai, kuma mai kayan ne aka tauye ba tare da ya sani ba. Mafita mafi tsabta ita ce kaya ɗaya, mai aike ɗaya. Wanda ya riga shi ne naka. Na biyun ka gaya masa nan take cewa an riga an ɗauke ka a kan wannan kaya, ba tare da ka ambaci suna ko adadi ba, don ya sami lokacin neman wata hanya.

Wannan tsantseni yana da tushe a doka. A Birtaniya, dokar yarjejeniyar masu tayi ta 1927, wadda aka ƙarfafa a 1969, ta haramta wa dillali ya ba wani lada don ya janye daga tayi, amma ta halatta sayen haɗin gwiwa na gaskiya idan an rubuta yarjejeniyar an miƙa wa mai gwanjon kafin a saya. A Amurka, haɗa baki wajen tayi laifi ne a ƙarƙashin dokar Sherman ta 1890, kuma an taɓa gurfanar da wasu dillalan kan sarki da suka shafe shekaru suna yin nasu gwanjon a ɓoye kafin na fili, mutum ɗaya ya je ya taya, sauran a raba musu rara. Ka janye don ra'ayin kanka, wannan haƙƙinka ne. Amma "bar mini wannan, in bar maka na mako mai zuwa" ciniki ne da aka yi da dukiyar wani. Ta ɗaya ɓangaren kuma, kada ka karɓi aiken taya kayan da mai aiken ne yake sayarwa, ko ɗan'uwansa, don kawai farashi ya hau. eBay ya haramta wannan, kuma shi ne najashi da hadisi ya hana tun da daɗewa.

Maganar lokaci ba ta da tsawo. Yawanci gwanjon eBay yana rufewa a ƙayyadadden lokaci, kuma shafin bai hana jefa tayi a daƙiƙun ƙarshe ba, sai dai idan intanet ta yanke a wannan lokaci an rasa kayan ke nan. A gwanjon Yahoo na Japan, idan mai kaya ya zaɓi haka, tayin da ya ɗaga farashi a cikin minti biyar na ƙarshe yana ƙara wasu minti biyar, don haka dabarar ba ta da amfani sosai. Ka bar abokinka ya zaɓi hanyar da yake so bayan ka bayyana masa haɗarin kowace. Idan zafin gogayya ya ɗebe ka har ka wuce iyakarsa, ƙarin daga aljihunka zai fito, sai fa idan shi ya yafe.

Ka tuna cewa asusun naka ne, kuma a wurin shafin kai ne mai saye. Tayi alkawari ne mai ɗaurewa, eBay kuma ba ya yarda a janye shi sai da dalili irin kuskuren rubuta adadi ko canjin bayanin kaya, wanda kuma ya ƙi biya za a yi wa asusunsa tabo. Don haka babu rashin kunya a neman kuɗin, ko wani kaso mai kauri daga ciki, kafin ranar rufewa. Tambayoyi a kan ingancin kaya, da ko na asali ne ko jabu, a aika wa mai sayarwa tun da wuri, abokinka ya ga amsar da idonsa, ya ce a ci gaba a rubuce. Kayan da ke da hauren giwa ko ƙoƙon kunkurun teku suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ta taƙaita cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, kuma kwastam na iya riƙe su, saboda haka a bincika kafin a taya.

Idan an kayar da ku, ka sanar da shi farashin da aka rufe, ka mayar masa da kuɗinsa a ranar. Wani lokaci wanda ya ci gwanjon yakan ƙi biya, sai mai kayan ya yi wa na biyu tayin saye a kan adadinsa na ƙarshe. Saƙon a asusunka zai shigo, amma damar ta abokinka ce, tunda da iyakarsa aka kai wannan matsayi. Ka tabbatar saƙon yana cikin akwatin shafin kansa, domin 'yan damfara sukan kwaikwayi irinsa ta imel, sannan ka tura masa kafin wa'adin ya ƙare. Sai ya ce ba ya so, sannan ka ga ko za ka ɗauka don kanka.