Yadda ake ɗora Linux kusa da Windows a laftof mai lasisin sabuntawa

Makon jiya ƙanina da ke karatu a jami'ar ATBU ya zo min da laftof ɗinsa har gida, HP ce ta hannu. Ya ce, "Yaya, kwas ɗinmu sai da Linux, ni kuma ba na son rabuwa da Windows ɗina." Na ce masa ajiye ta, mu fara da maganar lasisi, don a nan mutane suke yin tuntuɓe.

Da yawa daga cikin laftof na hannu da ke yawo a Bauchi da Windows 7 ko 8 suka baro kamfani, daga baya aka ɗaga su zuwa Windows 10 a garaɓasar da Microsoft ya buɗe ranar 29 ga Yuli, 2015. To, lasisin sabuntawa ba lasisi na biyu ba ne, tsohon ne ya sake riga. Ba ka da damar ɗora Windows 7 a gefe da tsohon mabuɗin alhali Windows 10 tana zaune a kansa. Tun watan Satumba na 2023 ma tsofaffin mabuɗan sun daina kunna Windows 10. In Windows ta biyu kake so, sai ka saya mata nata lasisin. Linux kuwa kyauta ce, kuma ba ta taɓa lasisinka, domin yana maƙale da injin kwamfutar ne.

Da farko shiga Settings, nemi Activation, ka tabbatar Windows ɗin a kunne take. Sannan kwashe hotunanka da takardunka zuwa wani wuri.

Na biyu, kuma a nan zan ja maka kunne: BitLocker, makullin da Windows ke sa wa rumbun ajiyar kwamfuta. Wasu kwamfutocin a kulle rumbunsu yake mai su bai sani ba. Ni ganau ne, na taɓa gama aiki tsaf, na kunna Windows, sai ga shuɗin allo yana neman lambobi 48 da ban taɓa gani ba. Sai bayan isha'i na gano su a asusuna na Microsoft. Ka kwafi lambobin a takarda, ka kashe BitLocker ɗin, ka jira ya gama warwarewa. Ka kuma kashe Fast Startup a Power Options, in ba haka ba Windows ba ta sakin rumbun ko ka kashe ta.

Na uku, yi wa baƙuwar, wato Linux, ɗaki a rumbun. Buɗe Disk Management, danna maɓallin dama a kan C, zaɓi Shrink Volume. Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, na neman giga 25 a ƙalla, amma ni giga 60 nake warewa, don ɗalibi ba ya rabo da sauke manhajoji. Bar filin haka nan, kada ka yi masa fomatin.

Sai filashi mai giga 8, wanda babu abin so a cikinsa, don gogewa za a yi. Sauke Ubuntu ko Linux Mint, Mint ta fi sauƙin data, ka rubuta ta a filashin da manhajar Rufus. A cikin Rufus ɗin, zaɓi GPT in kwamfutar da UEFI take tashi, wato tsarin tayar da kwamfuta da ya gaji BIOS.

Kada ka fara mataki na gaba sai batir ya cika. Batirin laftof ta hannu ba abin yarda ba ne, wuta kuma ka san halinta.

Soka filashin, kunna kwamfutar kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo, sai ka zaɓi filashin a jerin da zai fito. Idan aka zo tambayar inda za a ɗora, tsaya ka karanta da kyau. Zaɓi Install alongside Windows. Wanda aka rubuta Erase disk ko da wasa kada ka taɓa shi, shi ne ke share Windows da duk abin da ke ciki. Saura suna ne da kalmar sirri da jira.

In ta gama, zare filashin. Kowane kunnawa za ka ga baƙin allo, GRUB, yana tambayar wadda za ka shiga. Fara leƙa Windows ka ga lasisin na nan.

Washegari ƙanin nawa ya kira, wai agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya, har ya kusa makara lacca. Linux da UTC, wato lokacin da duniya ke ma'auni da shi, take saita agogon injin, Najeriya kuma gaba take da awa ɗaya. Na ce ya buɗe Terminal, wurin rubuta umarni a Linux, ya rubuta timedatectl set-local-rtc 1, sannan ya koma Windows ya gyara agogon sau ɗaya.